Yini Guda A Birnin Landan

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili in ba 'yan'uwana akawuna da malamai labarin wani yini guda da na yi ina yawon kallo a Landan, babban birnin Ingila. Ofishinmu ne ya aike mu koyon aiki na mako shida, mu huɗu. Ran da aka ba mu hutu, abokan tafiyata suka ce su kanti za su, sayen takalma da turare na tsaraba. Ni kuwa na ce tun ina makaranta na ke karanta labarin garin nan, ba na koma gida in ce kanti kaɗai na gani.

Da sassafe na shiga jirgin da ke bin ƙarƙashin gari. Tun 1863 aka fara shi, shi ne na fari irinsa a duniya. Ana sauka wurinsa ta kan wata matakala mai tafiya da kanta, kuma ƙa'idarta mai tsayawa ya tsaya dama, mai sauri ya bi hagu. Ni na tsaya hagu na tare hanya. Wani dattijo ya ba ni haƙuri har sau uku kafin na gane ashe ni ne mai laifi. Haka mutanen nan su ke faɗa, da ban haƙuri.

Na fito a tashar Wesminista, ina ɗaga kai sai ga hasumiyar agogon nan da mu ke ji a rediyo. Ashe Big Ben ba sunan agogon ba ne, sunan ƙararrawar da ke ciki ne, nauyinta ya fi tan 13, tun 1859 ta ke bugawa. Ita hasumiyar a 2012 aka sa mata sunan Sarauniya Elizabet, wadda ta rasu a 2022. Ga Majalisar Dokoki manne da ita a bakin Kogin Temis, ga kuma tsohuwar majami'ar da a ke naɗa sarakunansu tun 1066, inda aka naɗa Sarki Charles na Uku a 2023. Sai an biya a ke shiga, saboda haka na kalle ta daga waje na wuce. Fadar Bakingam ba ta tsai da ni ba. Gida ne babba, da sojoji masu dogayen huluna na gashi tsaye kamar an dasa su, amma wanda ya taɓa ganin hawan salla ba zai daɗe a nan ba. A kusa da dandalin Tirafalga na hangi tutarmu kore da fari a ofishin jakadancin Nijeriya, na ji wani sanyi a raina.

Da rana ta take, yunwa ta kai ni wani ɗan gidan abinci, na ce a ba ni abin da 'yan gari ke ci. Aka kawo kifi wanda aka tsoma cikin kwaɓin fulawa aka soya, tsawonsa ya kai kamu guda, da soyayyen dankalin Turawa, da dakakken koren wake. Ba yaji, ba barkono, sai gishiri da ruwan tsami. Kifin kam da daɗi, fari fat, ba ƙaya, amma harshena ya yi ta neman abin da babu. Ga shawara biyu ga mai niyyar zuwa. Ta fari, waɗansu wurare da giya su ke kwaɓa fulawar, mai kiyayewa sai ya tambaya, ba wanda zai ga baƙinsa. Ta biyu, ka ce ruwan famfo ka ke so, kyauta ne. In ka ce ruwa kawai, na kwalba za a kawo a rubuta maka kuɗi.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani da azahar, a Gidan Tarihi na Biritaniya. An kafa shi a 1753, kuma ko kwabo ba a biya a ƙofa. Na ga dutsen Rosetta, wanda aka rubuta magana ɗaya a kansa da rubutu iri uku, ta kansa ne wani Bafaranshe ya warware rubutun Fir'aunoni a 1822. Jama'a ta yi masa cincirindo. Daga nan na tambayi inda kayan Afirka su ke, aka nuna mini matakala zuwa ƙarƙashin bene.

A can na tarar da allunan tagulla na Masarautar Bini an jera su, da surar sarki da fadawa da mayaƙa, har da Turawan Fotugal da bindigoginsu. Aiki ne wanda in ka gani sai ka yi shiru. Sojan Ingila ne suka kwaso su a 1897, sa'ad da suka ci birnin suka ƙone shi, suka kore Sarki Ovonramwen zuwa Kalaba. Gidan nan kaɗai yana riƙe da wajen guda 900. Jamus ta sa hannu a kan mayar da nata a 2022, Holan ta mayar da guda 119 a 2025, amma shi wannan gida ya ce wata doka ta 1963 ta hana shi rabuwa da abin da ke hannunsa.

Na tsaya a nan ya fi rabin sa'a, zuciyata biyu. Gaskiya ne an adana su, ba tsatsa ba ƙura, kuma yaran makaranta na kowace ƙabila suna zaune a ƙasa suna zana su a takarda. Amma kyautar nan ta mutumin Landan ce. Jikan maƙerin da ya zuba tagullar sai ya nemi biza, ya biya jirgi, kafin ya ga aikin kakansa. A ganina kayan da aka ɗauka da bindiga ba ya zama halal don an goge shi an sa a gilashi, kuma dokar da majalisa ta yi majalisa na iya warware ta. Duk da haka sai na ji kunya ta kama ni ta wani gefe. Na yi shekara biyu ina aiki a Kano, sau nawa na wuce Gidan Makama, ban taɓa leƙawa ba, ga shi na ƙetare teku ina kishin kayan tarihi. Ina tambayar malamanmu na makaranta, wa ya taɓa kai ajinsa can?

Da la'asar na sha shayi da madara da wani ɗan burodi mai kama da fanke busasshe, a ke shafa masa kirim da zaƙin 'ya'yan itace. Sa'an nan na hau motar nan ja mai bene, wadda tun 2014 ba a karɓar tsabar kuɗi a cikinta sai kati, na zauna sama a gaba. Muna ƙetare kogin fitilu na kamawa, sai na tuna da Dorugu, yaron nan Bahaushe na ƙasar Damagaram da ya zo garin nan a 1855 tare da Barth, wanda kakanninmu suka sani da Abdulkarim. Ya riga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa da shekara takwas.

Na sauka a unguwar Peckham, inda 'yan Nijeriya suka yi yawa. Ga doya, ga manja, ga busasshen kifi a bakin kantuna, kai ka ce Sabon Gari ne aka yi wa sanyi. A nan na sami tsire, ko da ya ke su suya su ke ce masa, da ƙuli-ƙuli da albasa, mai gashin kuwa da na yi masa sallama da Hausa ya amsa, ya ƙara mini yaji. Na koma masauki wajen ƙarfe goma, ƙafafuna sun yi nauyi, na iske abokaina suna ta auna jakunkunansu, suna gardamar abin da za a rage kada kaya su fi ƙa'idar jirgi.

Naka,
Wani Akawu