Ba Kowane Mai Kaki Ne Ɗan Sanda Ba

Mu mutanen Lolo, a ƙasar Bagudo bakin iyakar Benin, mun saba da shingaye a hanyar Illo. Da aka rufe iyaka a 2019 sai suka ƙaru. Amma ɓarawo ma yakan sa kaki.

To, yaya za mu gane? Ɗan sanda na gaskiya yana da katin shaida, ba ya kuwa ƙin a je caji ofis. Wanda ya ce a ratse daji a sasanta, abin tsoro ne. Kada mu yi gardama da mai bindiga, gama buhun shinkafa bai kai rai ba. Mu riƙe lambar motarsa, gari na wayewa mu kai ƙara Bagudo. Iyaye, mu koya wa 'ya'yanmu masu kabu-kabu wannan.