Awara: Cukun da babu nono a cikinsa

Da yamma a Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi cikin birnin Kano, da wuya mutum ya ratsa layi bai ga mai suyar awara ba, yara sun kewaye kaskonta.

To sai dai sunan ya girmi abincin. Asalinsa kalmar "wara" ce, wadda a Yarabanci ke nufin madara, da kuma cukun da Fulani ke yi da nonon shanu, suna daskarar da shi da ruwan ganyen tumfafiya.

Da waken suya ya yaɗu a Arewa, mata sun koma niƙa shi, su tace, su dafa, su zuba ruwan tsami har ya dunƙule. Waken ya fi nono araha, don haka ya gaje sunan. Akan soya awarar a ci da yaji da kabeji, wasu kuma sai an tsoma musu ita cikin ƙwai.

Su kuwa Girkawa ba su yarda da irin wannan aron suna ba. Cukunsu mai gishiri da ake kira feta, daga kalmar Italiyanci mai nufin "yanki", ya samu kariyar Tarayyar Turai a 2002: a ƙasashen ƙungiyar ba a kiran cuku feta sai wanda aka yi a Girka da nonon tumaki, ko aka haɗa da na awaki da bai wuce kashi 30 cikin 100 ba.