Gida Mai Sarrafa Kansa: Abin da Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi Suka Koya wa Masu Ƙirar Na'ura

Gabatarwa

A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta umarci kamfanonin waya da su rufe tashoshinsu na sadarwa a duk faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jihar ta wancan lokaci, domin a sami damar fatattakar 'yan bindiga. Da farko mako 2 aka ɗiba, amma sai a farkon Oktoba aka maido da sabis a Gusau, sauran ƙananan hukumomi kuwa, har da Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, sai da suka ƙara shafe makwanni. A tsawon wannan lokaci wayar hannu ta koma tocila da agogo. Masu POS suka naɗe hannu, tura kuɗi ta waya ya tsaya, mai son jin muryar ɗan'uwansa kuwa sai ya yi tattaki zuwa inda sabis yake.

Ga ɗalibin kimiyya, wannan lamari gwaji ne babba wanda babu ɗakin binciken da zai iya shirya irinsa. Ya raba na'urori gida biyu: waɗanda suka ci gaba da aiki, da waɗanda suka mutu murus alhali babu abin da ya lalace a jikinsu. Dalilin wannan bambanci shi ne darasi na farko ga duk mai son ya zama mai tsara shafin intanet, ko manhajar waya, ko na'urorin da ke sa gida ya riƙa sarrafa kansa.

Mene ne gida mai sarrafa kansa?

Gida ne wanda aka sanya wa ƙananan na'urori masu lura da abin da ke faruwa, su kuma ɗauki mataki ba sai an sa su ba. Alal misali, fitilar ƙofar gida ta kama da kanta in magariba ta yi, ko injin rijiyar burtsatse ya tsaya da zarar tanki ya cika. Kowane irin wannan tsari yana da sassa uku. Akwai sashen da ke ji, wato wanda ke auna haske ko zafi ko motsi ko tsawon ruwa. Akwai sashen da ke yanke shawara, wato 'yar ƙaramar kwamfuta mai bin umarnin da aka rubuta mata. Sa'an nan akwai sashen da ke aikatawa, wato makunnin da ke buɗe wuta ko ya rufe ta.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun a 1975 wani kamfani a Sikotland ya fito da tsarin X10, wanda ke aika umarni ta cikin wayoyin lantarkin gida. Abin da ya sauya al'amarin shi ne shigowar intanet da wayar hannu. Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin shafukan intanet a 1989, wayar salula ta GSM ta iso Nijeriya a 2001, wayoyin Android suka fito a 2008. Daga nan aikin mai ƙira ya zama hawa uku: na'urar da ke jikin bango, manhajar da ke cikin wayar maigida, da kuma babbar kwamfutar kamfani da ke haɗa su, wadda sau da yawa tana wata ƙasa mai nisa.

Ina ƙwaƙwalwar take?

A ɗauka ga matashi ya kammala karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, aka kuma ba shi aikin haɗa na'urar da za ta riƙa kula da tankin ruwa na wani gida. Hanya biyu ce a gabansa. A ta farko, na'urar za ta aika labarin tsawon ruwa zuwa kwamfutar kamfani ta intanet, can a yanke shawara, a aiko da umarnin kashe inji. A ta biyu, shawarar a jikin na'urar za a yanke ta, intanet kuwa aikinsa kawai ya sanar da maigida abin da ya gudana.

Hanya ta farko ta fi sauƙin haɗawa, shi ya sa kamfanoni da yawa suka fi son ta. Amma ranar da sabis ya ɗauke, ko dai injin ya ƙi tashi, ko kuwa ya ƙi tsayawa, ruwa ya yi ta malala har rijiya ta ja baya, injin ya yi ta juyi babu ruwa ya ƙone. A hanya ta biyu kuwa, abin da maigida zai rasa bai wuce saƙo ba.

Kada mai karatu ya zaci wannan matsala ta ƙasashe masu tasowa ce kaɗai. A Amurka an sayar da wata na'urar sarrafa gida mai suna Revolv a kan kusan dala 300. Kamfanin Nest ya saye masu yin ta a 2014, a watan Mayu na 2016 kuma ya rufe kwamfutocin da take dogara da su. Nan take duk wanda ya mallake ta ya wayi gari da kwankon roba wanda ba ya tsinana komai. Irin wannan ƙorafi na daga cikin dalilan da suka sa manyan kamfanoni suka haɗu suka fitar da ƙa'idar Matter a 2022, wadda ke bai wa na'urorin gida damar magana da junansu kai tsaye ko da babu intanet.

Darasi daga mitar lantarki

Akwai na'ura mai basira da ta riga ta shiga gidaje da dama a Arewa ba tare da an lura da hikimar da ke cikinta ba, ita ce mitar lantarki ta biya-kafin-ka-sha. Mai gida yakan sayi lambobi 20 ya danna a jikinta, sai ta ƙara masa wuta. Mitar ba ta buƙatar sabis kafin ta gane lambobin nan na gaskiya ne. Sirrin shi ne, an cuɗa adadin wutar da aka saya da lokacin da aka saye ta, aka kulle su da wani mabuɗin lissafi wanda ya keɓanta da mitar. Ita kaɗai za ta iya warware kullin, tana kuma riƙe da lokutan lambobin da ta riga ta karɓa, don haka ba a yaudarar ta da lamba ɗaya sau biyu. Mai sayarwa yana buƙatar hanyar sadarwa, amma lambobin ana iya sayo su a wani gari, a rubuto su a takarda, a kawo gida cikin aljihu. An ƙirƙiro wannan tsari, mai suna STS, a Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1990.

Duk da haka masu ƙirarsa sun bar baya da ƙura. Agogon da ke cikin lambobin yana ƙidaya mintoci ne tun daga 1 ga Janairu, 1993, gurbin da aka tanadar masa kuwa ba ya ɗaukar fiye da minti 16,777,216. Ɗalibi na iya raba wannan adadi da 60, sa'an nan da 24, sa'an nan da 365, zai ga ya kusa shekara 32. Gurbin ya cika a ranar 24 ga Nuwamba, 2024, shi ya sa kamfanonin rarraba lantarki, har da na Kaduna wanda Zamfara ke ƙarƙashinsa, suka riƙa kiran jama'a da su shigar da wasu lambobi na musamman a mitocinsu kafin ranar. Shawarar da injiniya ya yanke yana zaune a ofis, ga shi ta biyo miliyoyin mutane har gida bayan shekara talatin.

Zafi da ƙura da wuta

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yawancin na'urorin da ake shigowa da su an gwada su ne a ɗaki mai sanyi, mai wutar da ba ta ƙiftawa. A arewacin Zamfara kuwa, zafin bazara yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos a watan Afrilu. Ƙa'idar da injiniyoyi suka saba aiki da ita ita ce, batirin darma, irin wanda ake haɗawa da sola, rayuwarsa takan ragu da rabi a duk ƙarin digiri 10 ko kusa da haka a kan digiri 25. Ke nan batirin da aka ajiye a ɗaki mai rufin kwano ba zai kai shekarun da aka rubuta a kwalinsa ba.

Farantin sola ma zafi yana rage masa ƙarfi, da kimanin kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri sama da 25. Idan rana ta gasa shi ya kai digiri 65, an yi asarar kashi 16 cikin 100 ke nan. In hunturu ya shigo kuma, ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada takan lulluɓe farantin, ta toshe kafofin shan iska na na'ura.

Sai batun cin wuta. Akwatin intanet na gida mai cin wat 10 yana kama da abin da bai taka kara ya karya ba, amma da yake ba a kashe shi, a awa 24 ya ci wat-awa 240, abin da zai ishi ƙwai 4 masu wat 10 su yi awa 6 suna ci. Mai ƙira na ƙwarai yakan sa na'urarsa ta riƙa barci, ta farka lokaci-lokaci ta yi awo ta koma. Yakan kuma tambayi kansa halin da za ta tashi a ciki in an ɗauke wuta an maido: za ta tuna inda ta tsaya, ko kuwa za ta kunna inji da tsakar dare babu wanda ya sa ta?

Harshen mai amfani

Ba kowane gida ne ke da babbar waya ba, kuma mutane da yawa sun fi sakewa da Hausa ko ajami a kan Ingilishi. Saboda haka saƙon tes da saƙon murya sun fi manhaja mai ado isa ga jama'a. A nan ma akwai tarko. Saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160, amma jerin haruffan da aka tanadar masa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Da zarar ɗayansu ya shiga, waya takan koma wani tsarin rubutu mai cin wuri, sai saƙon ya ɗauki harafi 70 kacal. Wato rubuta sunan Ƙauran Namoda daidai yana iya ninka kuɗin saƙo. In kuwa aka zubar da lanƙwasar, sai baƙi su zama baki, ƙafa ta zama kafa, ƙare ya zama kare. Maganin abin shi ne a taƙaita saƙo ya shiga cikin harafi 70, a bar wa harshe haƙƙinsa.

Zaure da sirrin gida

Maginin gargajiya ya daɗe da warware matsalar da masu manhaja ke fama da ita a yau, wato wa zai shiga, kuma iya ina. Zaure yana tsayar da baƙo, ƙofofin soraye ba sa kallon juna, don kada idon mai wucewa ya faɗa tsakar gida. Kyamarar da aka haɗa da intanet ba tare da kula ba tana rushe wannan tsari gaba ɗaya. A watan Oktoba na 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban kyamarori da akwatunan intanet a duniya, ta hanyar gwada kalmomin sirri kimanin 60 da kamfanoni suka saba sanyawa tun daga masana'anta, aka kuma yi amfani da na'urorin wajen durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter. A yankin da ake fama da masu garkuwa da mutane, bayanin lokacin fitar maigida da dawowarsa ba ƙaramin abu ba ne. Wajibi ne na'ura ta tilasta wa mai ita sauya kalmar sirri tun ranar farko, kada kuma ta tara bayanin da aikinta ba ya buƙata.

Kammalawa

Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwan da ke tashi ya riƙa janye zafi, kayan lambu su daɗe ba su lalace ba. Babu waya a jikinta, babu batir. Abin da ya fara dubawa shi ne halin da manomi yake ciki, da abin da maginin tukwane na ƙauye zai iya yi da hannunsa.

Ƙauran Namoda ita ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Zariya ya iso garin a 1929, mutanenta sun san abin da ake nufi da zama a ƙarshen layi. Na'urar da ta jure zafinta da ƙurarta da ɗaukewar sabis ɗinta, za ta yi aiki a ko'ina. Malaman kimiyya na iya fara wannan horo ba tare da sayen komai ba: kowane ɗalibi ya zaɓi aiki guda a gidansu, ya zana sashen ji da na shawara da na aikatawa, sa'an nan ya amsa tambaya uku a rubuce. Me zai faru in babu sabis? Me zai faru in babu wuta? Kuma kakarsa za ta iya aiki da abin ba tare da ta kira shi ba?