Emasi: yadda ƙwaya ɗaya tak ke lanƙwasa jinin ɗan Adam

Da wuya a samu garin da ba a san ciwon emasi ba, wanda wasu ke kira sikila ko amosanin jini. To, daga ina yake tasowa? Masana na jami'o'i sun bi sawunsa har cikin abin da ido ba ya gani.

Cikin kowace jar ƙwayar jininmu akwai miliyoyin wani sinadari mai suna hemogulobin. Shi ke ɗauko iskar oksijin daga huhu ya rarraba wa jiki. A shekarar 1949, Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka sa wannan sinadari cikin ruwa, suka ratsa shi da lantarki. Sai suka ga na mai emasi tafiyarsa daban da ta mai lafiya. A 1956, Vernon Ingram a jami'ar Kambirij ta Ingila ya gano dalili.

Mu ɗauki carbi mai duwatsu 146, domin haka ɗaya daga sarƙoƙin hemogulobin take. A wurin mai emasi, dutse na 6 kaɗai ya canza. Na asali yana jituwa da ruwa, wanda ya maye gurbinsa kuwa gudun ruwa yake, kamar mai. Da zarar oksijin ya ragu, sai sinadaran su manne wa juna, su zama dogayen sanduna masu tauri. Ƙwayar jinin da take zagaye mai laushi sai ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ga mafarin azabar ciwon gaɓoɓi ke nan. Ƙwaya mai lafiya tana kai kwana 120, mai emasi kuwa kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jini ke yawan ƙaranci.

Wannan ciwo gado ne, ba maita ba ce, ba kuma aikin iskoki ba. In uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, ko da ƴaƴan farko lafiyarsu lau.

Dabarar lantarkin nan ta Pauling, har yau da irinta ake awon jini a likita, kuma a Yamai akwai cibiyar ƙasa mai kula da masu emasi. Saboda haka, kafin a kai goro, saurayi da budurwa su je a auna su. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.