Adbent: Makonnin jira a tsakiyar hada-hadar Kirsimeti a Sabon Garin Kano

Duk wanda ya ratsa ta Fagge zuwa Sabon Garin Kano a watan Disamba, abin da zai fara cin karo da shi shi ne cunkoso. Teloli na kwana a kan keke, 'yan dako na kai da komo tsakanin Kantin Kwari da kasuwar Singa, manyan motocin safa kuma na lodi a tashar New Road domin nufar Anaca da Aba da Owerri da Inugu.

Ga akasarin Musulmin birnin, wannan shi ne Kirsimeti: ciniki, kaɗe-kaɗe da tafiye-tafiye. To sai dai a cikin wasu majami'un unguwar, koyarwar da ake yi a daidai waɗannan makonni ta sha bamban da abin da ke gudana a bakin titi. Ana kiran mabiya ne da su sassauta, su kame kansu, su jira, domin lokacin biki bai yi ba tukuna.

Wannan lokaci shi ake kira Adbent, daga wata kalmar Latin mai ma'anar zuwa ko isowa. Yana farawa ne daga ranar Lahadi ta huɗu kafin 25 ga watan Disamba, wato tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, ya kuma ƙare a daren jajiberin Kirsimeti. Don haka tsawonsa yakan bambanta: a shekara ta 2022 ya kai kwanaki 28, a shekara ta 2023 kuwa kwanaki 22 ne kacal. Da shi ne shekarar ibada take farawa a wurin ɗariƙun Katolika da Angilika da Lutheran da Methodist.

Abin da ake gani a cikin majami'a

Wanda ya leƙa babbar majami'ar Katolika ta Our Lady of Fatima, ko ta Angilika ta Holy Trinity a Kano a cikin waɗannan makonni, zai tarar an rage ado maimakon a ƙara. Limamin yakan sanya tufa mai launin shunayya, launin da yake sanyawa a lokacin azumin kwanaki arba'in da ke gabatar Ista, alamar tuba. A wurin 'yan Katolika akwai wata waƙar yabo da ake rerawa a sauran ranakun Lahadi, amma akan jingine ta a ranakun Lahadin Adbent sai daren Kirsimeti. Akan kuma ƙarfafa wa mabiya su je gaban limami su yi iƙirarin zunubansu kafin ranar.

Majami'u da dama sukan ajiye wani zobe da aka saƙa da ganye, da kyandir huɗu a kansa. Ranar Lahadi ta farko a kunna guda, ta biyu a kunna biyu, har a cika huɗun. Ba a kunna su gaba ɗaya. Kazalika inda aka gina siffar wurin haihuwar Almasihu, al'ada ita ce a bar komin dabbobin wayam, ba a sa siffar jaririn sai daren 24 ga wata.

Al'adar kyandir ɗin ba ta daɗe sosai ba. Ana danganta ta da wani malamin Kirista Bajamushe, Johann Hinrich Wichern, wanda ke kula da yara marasa galihu a birnin Hamburg. Da yaran suka dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti zai zo, sai a shekara ta 1839 ya jera kyandirori a kan wata tsohuwar ƙafar keken doki, ana kunna ɗaya kowace rana, domin su riƙa ƙirga kwanakin da idanunsu.

Azumi kafin biki

Asalin lokacin kansa kuwa ya girmi wannan nesa ba kusa ba, kuma da azumi ya fara. Littattafan Bishara ba su ambaci ranar da aka haifi Almasihu ba. Shaida mafi tsufa ta yin bikin a ranar 25 ga Disamba ta fito ne daga birnin Rum a shekara ta 336. Daga baya aka ga ya dace a riƙa yi wa ranar shiri. Bishop Perpetuus na birnin Tours a Faransa, wanda ya rasu wajen shekara ta 490, ya umurci mabiyansa da yin azumin kwana uku a kowane mako tun daga 11 ga Nuwamba har zuwa Kirsimeti. Tsarin Lahadi huɗu da ake bi yanzu ya samo asali ne daga birnin Rum.

Sannu a hankali wajabcin azumin ya faɗi a majami'un Yamma, waɗanda daga gare su ne Kiristancin Najeriya ya zo. A yau ba a tilasta wa ɗan Katolika ko ɗan Angilika yin azumi a Adbent, sai wanda ya ga dama. A Gabas kuwa abin na nan daram. Kiristocin Orthodox na Girka sukan yi kwanaki 40 daga 15 ga Nuwamba, na Habasha da Kibɗawan Masar kuma kwanaki 43 suna ƙaurace wa nama, kafin bikinsu na 7 ga watan Janairu.

Wannan tsari na kame kai kafin shagali ba baƙo ba ne ga Musulmi. Mazauna Kano da suka manyanta za su tuna shekara ta 2000, lokacin da aka ɗauki azumin Ramadan a ƙarshen Nuwamba, aka kuma yi Ƙaramar Sallah 'yan kwanaki bayan Kirsimeti. A wannan shekara telolin Fagge sun haɗa ɗinkin bukukuwa biyu a wata guda. Bisa lissafin kalandar Hijira, irin wannan haɗuwa za ta sake aukuwa a wajen shekara ta 2033.

Me ake jira?

A koyarwar Kirista abu biyu ake jira. Daga farkon Adbent zuwa 16 ga Disamba, karatun majami'a ya fi karkata ga dawowar Almasihu a ƙarshen zamani da ranar hisabi. Daga 17 ga wata ne ake juyowa ga labarin haihuwarsa. Ke nan mafi yawan kwanakin na wa'azin shiri ne da tsoron ranar gamuwa da Allah, abin da wanda ke jin kiɗa daga waje ba zai yi zato ba.

Wasu daga cikin mutanen da ake karanta labarinsu sanannu ne ga mai karatun Alƙur'ani. Akwai Zakariya da matarsa, waɗanda suka tsufa ba su sami haihuwa ba. A Bisharar Luka, bayan an yi masa albishir da ɗa, bakinsa ya rufe har sai da aka haifi Yahaya. A Suratu Maryam kuwa, alamar da aka ba Annabi Zakariya (AS) ita ce ba zai yi wa mutane magana ba har dare uku. Akwai Maryamu da watannin cikinta. Akwai kuma wasu tsofaffi biyu, Saminu da Hannatu, waɗanda Luka ya ce sun ƙarar da rayuwarsu suna sauraron zuwan Almasihu. Ita Hannatu ba ta rabuwa da Haikalin Urushalima, tana azumi da addu'a dare da rana.

Kamannin labaran bai kawar da bambancin aƙida ba. Kirista na jiran wanda ya yi imani Ɗan Allah ne kuma Mai Ceto, Musulmi kuwa ya yi imani cewa Annabi Isa (AS) bawan Allah ne kuma manzonsa, ba a gicciye shi ba, ko da yake shi ma ya gaskata saukowarsa a ƙarshen zamani. Inda suka yi kusa shi ne a ma'anar haƙuri. Malaman Kirista sun bambanta jira da zaman kashe wando. Misalin da Wasiƙar Yakubu ta bayar, wadda ake karantawa a wannan lokaci, na manomi ne: ya yi sharar gona, ya yi shuka, amma ba shi da ikon saukar da ruwa ko gaggauta nunar hatsi. Abin da ke hannunsa ya yi shi, saura kuma ya bar wa Allah. Bahaushe zai kira wannan tawakkali.

Kasuwa ba ta jira

A nan ne gizo ke saƙar. An kafa Sabon Gari ne wajen shekara ta 1913, jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, domin zaunar da ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Yau unguwar na cikin ƙaramar hukumar Fagge, kuma har yanzu kasuwanci ne ƙashin bayanta. Ga mai shagon kayan gyaran mota ko na magunguna, Disamba watan lissafi ne: a bi bashi, a biya bashi, a sallami yaran shago, a sayi tsarabar gida.

Ga ɗan ƙabilar Ibo musamman, komawa gida a ƙarshen shekara kusan wajibi ne. A lokacin ne ake taron dangi da na ƙungiyoyin gari, ake ɗaura aure, ake buɗe sabbin gidaje, ake kuma ganin wanda ya samu da wanda bai samu ba. Wani abin mamaki shi ne, tsohuwar dokar Katolika ta 1917 ta hana shagalin sa albarkar aure a cikin Adbent, amma ga shi watan ya zama na bukukuwan aure. Nauyin da ke kan mai gida bai tsaya ga kuɗin mota ba, wanda kan yi tashin gwauron zabo a mako na uku na watan. Akwai kunyar komawa hannu rabbana. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar sufuri ta kai ga gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar rage rabin kuɗin mota a wasu manyan hanyoyi a ƙarshen wannan shekara.

Ba kuma dukkan majami'u ne ke bin kalandar Adbent ba. Galibin majami'un Fentikos, waɗanda suka yawaita a lungunan Sabon Gari, sun fi ba da ƙarfi ga manyan tarurrukan ƙarshen shekara da addu'ar daren 31 ga Disamba. Majami'ar Deeper Life ma ba ta bikin Kirsimeti, taron keɓewa domin ibada take shiryawa a maimakonsa. A wasu daga cikin irin waɗannan tarurruka, wa'azin da ya fi tashe shi ne na samun buɗi kafin shekara ta ƙare. Saƙonni biyu ke nan ke fita daga lasifika a titi guda: ɗaya na cewa a jira, ɗaya na cewa lokaci na ƙurewa. Ba abu ne mai wuya ba a gane wanda ya fi daɗin ji ga mutumin da bashi ya yi wa katutu.

Jira a bakin ƙofa

Akwai wani nau'in jira da Kiristocin Kano ba su zaɓa wa kansu ba. A ranar Kirsimeti ta 2011, bam ya hallaka fiye da mutane 30 a majami'ar St Theresa da ke Madalla a jihar Neja. A ranar 18 ga Maris na 2013 wani ya tashi a tashar New Road, inda fiye da mutane 20 suka rasu, sannan a ranar 27 ga Yulin 2014 aka jefa wani a majami'ar St Charles da ke Sabon Gari, mutane biyar suka mutu. Adbent na wannan shekara ya kama ne ranar 30 ga Nuwamba, kwana biyu bayan harin da ya hallaka masallata fiye da 100 a babban masallacin Juma'a na birnin Kano.

A waɗancan shekaru masu ibada sun saba da tsayawa a layi ana bincikensu kafin shiga, kamar yadda aka yi a masallatai. Majami'u da dama a arewa sun dawo da addu'ar tsakar daren Kirsimeti zuwa yamma, domin jama'a su koma gida da wuri. Iyalai kuma sun sha muhawara a kan ko a tafi a dawo, ko a tafi ke nan. Waɗanda suka zauna, ciki har da Kiristoci 'yan asalin arewa waɗanda ba su da wani gida a kudu da za su nufa, sun saurari karatun littafin Ishaya a kan zaman lafiyar da ke tafe, alhali jami'an tsaro na tsaye a bakin ƙofa.

Sai dai wa'azin haƙuri na da nasa haɗari, kuma malaman addinan biyu sun san da haka. Cikin sauƙi yakan zama hanyar rufe bakin wanda aka zalunta ko wanda ke jin yunwa. A ranar Asabar 21 ga Disamban 2024, jajiberin Lahadi ta ƙarshe ta Adbent, mutane 10 suka mutu a turmutsitsin rabon abinci a harabar wata majami'ar Katolika da ke Maitama a Abuja, wasu 22 kuma a wani rabon shinkafa a garin Okija na jihar Anambra, kamar yadda 'yan sanda suka tabbatar. Da yawa daga cikinsu tun kafin wayewar gari suke jira.

Watakila shi ya sa wa'azin Yahaya mai Baftisma, wanda ke cikin karatun wannan lokaci, bai tsaya ga talaka ba. A ruwayar Luka, ya umurci mai wadata ya raba tufafinsa da abincinsa da maras shi, ya gargaɗi masu karɓar haraji kada su ƙara a kan ƙa'ida, ya kuma hana sojoji ƙwace da ƙazafi. Bisa wannan karatu, mai dukiya da mai iko su ne aka fi ɗora wa aiki a cikin makonnin jiran.

Zuwa yammacin 24 ga wata, motocin ƙarshe sun bar tasha. Shaguna da dama a kasuwar Abubakar Rimi da titunan da ke kewaye da ita na garƙame da kwaɗo, ƙurar hunturu na sauka a kan rumfuna. Waɗanda suka rage sukan nufi majami'a, inda aka sauya tufar shunayya da fara, aka kuma dawo da waƙar da aka jingine makonni huɗu. Bisa kalandar majami'a, daga wannan dare ne bikin ke farawa, ya ci gaba har kwanaki 12 zuwa 6 ga Janairu. A wajen wannan lokaci ne kuma 'yan dako da masu Adaidaita Sahu na Fagge, waɗanda cinikinsu ya ja baya tun tafiyar maƙwabtansu, kan soma ganin motocin safa na shigowa da fasinjojin da suka dawo.