Koyar da Yara Masu Buƙata ta Musamman: Tausayi Kaɗai Ba Ya Isa

Duk sa'ad da na gaya wa mutum cewa ni malamin makarantar kurame da makafi ne, amsar da nake samu ba ta wuce, "Allah sarki, Allah Ya ba da lada." Nakan amsa da amin, domin babu mai ƙin lada. Sai dai a ƙarƙashin wannan addu'a akwai wata fahimta da ta daɗe tana cutar da yaranmu, wato ɗaukar aikin tamkar sadaka, wadda duk mai taushin zuciya zai iya bayarwa. Abin da shekarun da na yi a aji suka nuna mini shi ne, wannan sana'a ce mai ƙa'idoji kamar ƙira ko jima, kuma wanda bai durƙusa ya koya ba, ba zai iya ba.

Mu ɗauki rubutun makafi, wanda Louis Braille ɗan ƙasar Faransa ya ƙago a ƙarni na 19. Ɗigo shida ne kacal, amma daga cikinsu ake fitar da alamomi 63. Yaron da ke rubutu da allo da tsinke yana huda takarda ne daga dama zuwa hagu, sannan ya juya ta ya karanta da yatsa daga hagu zuwa dama. Malamin da bai san wannan ba, ta yaya zai gane cewa ɗalibinsa ya juya harafi ne kawai, ba daƙiƙanci ke damunsa ba?

Lamarin kurame ya fi wannan sarƙaƙiya. Maganar hannu da ake koyarwa a yawancin makarantunmu ta samo asali ne daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani kurma baƙar fata, ya yaɗa bayan ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Amma kuraman ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni, wadda ake yi a kasuwa da bakin masallaci. Sau da yawa yaro yakan zo aji da ta gida, malami kuma yana riƙe da ta littafi. Idan malamin bai ƙasƙantar da kansa ya koyi harshen yaron ba, za a kwashe shekara ana kallon kallo, daga bisani a ce yaron ba ya ganewa.

Hanyar samun wannan ilimi ba ɓoyayya ba ce. Tun 1953 aka kafa makarantar makafi a Gindiri ta Jihar Filato. A 1977 aka buɗe Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman a garin Oyo, inda ake yin shekara uku a sami takardar shaidar malanta ta NCE. Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano kowacce tana da sashen da ke ba da digiri a wannan fanni. A can ɗalibi yake koyon tsara darasi daidai da buƙatar kowane yaro, da rarrabe mai raunin ji daga mai jinkirin fahimta, da yadda ake zama da iyayen da suka riga suka fid da rai.

Abin takaici shi ne, matasanmu ƙalilan ne ke zaɓen fannin da son ransu. Da yawa sai sun rasa gurbi a wani sashe sannan su faɗo nan. Waɗanda suka kammala kuwa, sau tari akan tura su makarantun da babu ruwansu da ƙwarewarsu, a kawo wanda bai taɓa taɓa allon makafi ba a damƙa masa aji. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta wajabta wa kowace makarantar gwamnati samun aƙalla ƙwararre guda mai kula da irin waɗannan yara. Mai karatu ya leƙa firamaren unguwarsu ya tambaya ko akwai shi.

Ina kira ga gwamnatocin jihohinmu da su ware guraben tallafin karatu domin wannan fanni, su biya malamansa alawus na musamman a kan kari, su kuma ɗauki kurame da makafin da suka yi karatu aikin koyarwa, tun da na ciki shi ya san inda ɗaki ke yoyo.

Ga matashin da ke tunanin shiga kuwa, shawarata ita ce ya fara zuwa makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano, ya nemi izini ya zauna a bayan aji na mako guda. Idan ya ga zai iya maimaita darasi ɗaya sau goma ta hanyoyi goma ba tare da ya ɗaga murya ba, to ya sayi fom. Akwai yara masu yawa da ke zaune a zaure ko bakin titi, ba don ba su da basira ba, sai don har yau ba a horar da malamin da zai iya magana da su ba.