Gawo, Itacen da Ke Ba Gona Taki

Wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano da damina, in ya kai wajen Tashar Yari ya duba gonaki, zai ga kowane itace ya yi kore shar, sai guda ɗaya tsaye babu ganye kamar ya mutu. Bai mutu ba. Gawo ke nan, haka Ubangiji ya yi shi: yana kaɗe ganye da faɗuwar ruwa, ya sake tohowa da kaka.

Wannan hali nasa shi ne amfaninsa ga manomi. Lokacin da dawa da masara ke neman rana, gawo ba ya yi musu inuwa. Ganyen da ya zubar ya ruɓe a gindinsa daidai lokacin shuka. A jikin saiwarsa kuma akwai 'yan ƙulle-ƙulle, inda waɗansu ƙwayoyin halitta ke jawo naitirojin daga iska, wato sinadarin da muke saye cikin buhun yuriya. Babbar saiwar tana nutsawa can ƙasa, ba ta ƙwace wa hatsi laima. Da rani shanu su kwanta a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashi. Shi ya sa dawar gindin gawo takan fi ta tsakiyar gona duhun ganye.

Ban ce a daina sayen takin zamani ba. Mai masara ya san gawo biyu ba za su riƙe masa gona ba, ga shi kuma yana jan jiki a shekarunsa na fari. Amma 'yan'uwa, nawa ne cikinmu a Makarfi, Ikara da Kudan ke cin bashi kowace shekara don taki, alhali garmar shanu tana tumɓuke ƙananan gawo a gonakinmu, manyan kuma sun tafi ga masu itacen wuta?

A jihar Maraɗi, a 1983, wani ɗan mishan na SIM daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturen da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai. Ya koya musu su bar reshe kaɗan masu ƙarfi, su datse saura. Da fari an yi masa dariya. Daga baya aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a gonakin kudancin Nijar, a yankin Damagaram kuwa gawo ne ya fi yawa.

Mu ma aikin bai fi ƙarfinmu ba. Kafin sharar gona, a zaga a kafa turke kusa da kowane ɗan gawo, a gaya wa yaron da ke riƙe garma ya kauce masa. Mai son shukawa ya jiƙa irin cikin ruwan zafi ya kwana, gama ɓawonsa da tauri. Gonar ikilisiya ce ta kamata ta fara, zumuntar mata da ta matasa su raba turakun tsakaninsu.